Haƙorin da Na Buɗe a Bakin Damina

Ranar kasuwar da ta wuce wani makiyayi ya zauna a kujerarmu, ya tallabe kumatu da hannu biyu. Kafin lokotoro, wato likitarmu, ta taɓa shi na tambaye shi inda dabbobinsa suke, da kuma lokacin da za su ɗaga. Ina ji ɗaya daga cikinku, ku da aka turo mana koyon aiki, ya yi dariya ƙasa-ƙasa a bayana, ya ce wa na kusa da shi wai tsohon nan haƙori zai duba ko raƙumi zai saya. Na ci gaba da aikina, don akwai marar lafiya a kujera. Washegari kuma na ji kuna hira a ƙarƙashin dalbejiya cewa aikin jijiyar haƙori ba komai ba ne, kun gan shi a waya: a huda, a share, a toshe. Na so in yi muku magana a nan take, amma na san halina. In na fara da baki, faɗa zan ƙare da shi, ku tashi da cewa Lawali ya tsufa. Shi ya sa na zauna na rubuta. Karatuna bai wuce firamare ba, ku yi haƙuri da rubutun, ku ɗauki maganar.

Ni ɗan wanzami ne. Mahaifina yana yawo kasuwannin Damargu da zabirarsa, yana aski, yana ƙaho, yana cire beli, kuma in an kawo mai ciwon haƙori yana da wani awartaki da wani maƙeri na Tarka ya ƙera masa. Da shi na fara. Mutum zai zauna a ƙasa, wani ƙato ya danne masa kafaɗu, ni in sa gwiwa in ja. In jini ya ƙi tsayawa a ba shi ruwan gishiri, a ce ya yi ta maza. Na yi wannan shekaru, kuma ina alfahari da cewa hannuna ya fi na tsohona sauri.

Wani manomi daga Olelewa ya taɓa zuwa mini, ya nuna gefen kumatunsa na hagu. Na leƙa, na ga turame biyu duk sun yi baƙi. Ban ƙwanƙwasa ba, ban tambaye shi ko ruwan sanyi ne ke tayar masa da ciwon ba, sai na kama wanda ya fi sauƙin kamu na tumɓuke. Kasuwa ta zagayo ya dawo, ciwo na nan yadda yake. Na dube shi ido cikin ido na ce tsutsar da ke cin haƙorin ce ta yi ƙaura zuwa maƙwabci. Ya yarda, ya sake zama, na cire na biyun. Har godiya ya yi mini. Allah ya yafe mini wannan, don mutumin ya rasu ban nemi gafararsa ba. Na faɗa muku ne don ku san wanda ke muku faɗa ba waliyyi ba ne.

Da na shiga asibitin Tanut, shara aka ɗauke ni. Ina nan da tsintsiya aka kawo mana likitan haƙori na farko da na taɓa gani, Lokotoro Amadu, mutumin yamma, Hausarsa guntu-guntu. Ya ji labarin ina cire haƙora a gida bayan an tashi aiki. Maimakon ya kai ƙarata, sai ya ce in kawo awartakin ya gani. Ya jujjuya shi, ya jefa a aljihun teburinsa ya kulle, ya ce daga yau ni ne mai riƙe masa fitila da yi masa tafinta. Haka na shiga wannan ɗaki da kuke tsaye a ciki kuna danna waya.

Aikin jijiya na farko da na gani, na wani direban motar kasuwa ne. Ya kwana uku bai runtsa ba, ya shigo yana roƙon a cire a huta. Ni har na fara neman abin cirewa. Lokotoro ya ɗauki hoton haƙorin, ya ɗaga shi ga hasken taga, ya nuna mini cewa saiwar lafiyarta lau, cikin ne ya ruɓe. Ya yi masa allurar kashe zafi, ya huda saman haƙorin da inji, sai wani wari ya taso wanda har yau in na ji shi na san abin da ke ciki. Ya ɗauko wasu siraran allurai masu zare-zare a jiki, lim ake ce musu, ya zura mafi siranta a hankali, yana murzawa da yatsa biyu kamar mai kaɗi. Ya jawo wani ɗan zare ja-ja wanda bai kai gashin masara kauri ba, ya ajiye a kan auduga. Ya ce wannan ne ya hana ƙaton nan barci. Ni da na ɓarar da haƙoran mutane cike da ƙwarya, ban taɓa sanin akwai hanya a cikin haƙori ba.

To ku da kuke cewa a huda a share a toshe, wa ya gaya muku hanyar miƙaƙƙiya ce? Haƙorin gaba hanyarsa ɗaya, amma turmi yana da uku, wani huɗu, wata ta lanƙwashe kamar ƙugiya, wata ta ɓuya sai ka yi ta lalube. In ka tsaya kafin ƙarshen saiwa, ka bar ruɓa a ciki. In ka zarce, ka soki ƙashi. Tsakanin kowace lim da mai bi mata sai an wanke ramin da ruwan jabel, mai kashe ƙwayoyin cuta, da aka sirka daidai, kuma ɗigo ɗaya bai kamata ya sauka a maƙogwaron mutum ba. Lim ɗin kansu suna gajiya. Aikina ne in goge su ɗaya bayan ɗaya, in dafa su a tukunyar kayan aiki, in ɗaga kowace ga haske. Wadda zarenta ya fara warwarewa sai shara, don in ta karye a cikin saiwa ba mai fito da ita a duk Tanut. Jiya na ga ɗayanku ya kwashe su gaba ɗaya ya watsa a faranti kamar cokula. Da a zamanin Lokotoro Amadu ne, da ya kwana yana wankin daɓe.

Sa'an nan ga mutanen da za ku yi wa aikin. Ba wanda ke zuwa mana ranar da ciwo ya fara. Sai ya gama da kanumfari, ya gama da garin taba, ya haɗiyi ƙwayoyin masu talla a faranti waɗanda rana ta gama dafawa. Wani ya ɗiga fetur. Wani, wallahi na gani da idona ba sau ɗaya ba, ruwan batir yake ɗigawa, ya ƙone dasashi ya ƙone harshe, ya zo yana cewa ai wani bakanike ne ya ba shi sirrin. Ga masu turara hayaƙi a baki su nuna wa mutum ƴan tsutsotsi a ruwa, alhali ƴaƴan tsiro ne suka fashe. Ina zaginsu, amma ni ma na riƙe wa mahaifina kaskon hayaƙin nan. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi cin haƙora a ƙasar nan shi ne jin sauƙi.

Ku saurara da kyau. Aikin nan ba a cika gama shi a zama ɗaya ba. Ranar farko a cire jijiya, a wanke, a sa auduga mai magani, a rufe da farin siminti na wucin gadi. Sai mutum ya dawo a sake wankewa, in ramin ya bushe babu wari a cusa tsinkayen danƙo har ƙarshen saiwa, a rufe da siminti mai ƙarfi. Amma ciwo tun ranar farko yake tafiya. Mutum ya tashi daga kujera ya sha ruwan randa bai ji komai ba, a wurinsa an gama. Farin simintin nan kuwa yaɓen ƙasa ne, ba ya jure tauna. In ya faɗi, abinci ya riƙa shiga har gindin saiwa, kuma babu jijiyar da za ta yi ƙara ta ce ana ɓarna.

Lokotoro Amadu yana da wata tambaya da yake sa ni in yi wa kowa kafin ya ɗauki inji: mako mai zuwa a ina za ka kwana? In mutum ya yi inda-inda, sai ya ajiye injin, ya ba shi magani, ya ce ya je ya shirya zama a gari tukuna. Shekara da shekaru ina fassara tambayar nan, a raina ina cewa shisshigi ne irin na baƙo. Ni ɗan ƙasa, wanda ya san lokacin shuka da lokacin tashin makiyaya tun yana goye, ban taɓa tsayawa na gane abin da baƙon yake aunawa ba.

Sai muguwar shekara ta zo. Daminar da ta gabata ba ta yi ba, rumbuna wayam, matasa duk sun tafi ci-rani. A cikin wannan hali aka yi wa Lokotoro Amadu canjin wurin aiki, ba a turo kowa ba. Injin hoto ya lalace, wuta sai ta ga dama. Aka bar mini makullin ɗaki, aka ce in riƙa ba da maganin zafi, mai babban ciwo in tura shi Damagaram. Mutane suka fara ce mini lokotoro. Ranar farko na gyara musu. Rana ta biyu na yi murmushi kawai.

A ƙarshen bazarar shekarar aka kawo Hajiya Gambo daga wani ƙauye na Gangara, a amalanken shanu, ɗanta Isuhu na jan akala. Na san ta tun ina yaro, mahaifina ne ya yi wa ƴaƴanta askin suna. Mijinta ya rasu da wuri. Da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da kiwon raguna ta yi ta tari har ta sauke farali, ita ce mace ta farko a ƙauyensu da ta je da guminta. A can aka sa mata haƙorin Makka, zinariya a kan haƙorin sama na gaba. Ba mai yawan magana ba ce, ba ta taɓa cewa kowa ya kira ta Hajiya ba. Murmushi kawai take yi, mutum ya gyara kiransa da kansa.

Haƙorin da ke ƙarƙashin zinariyar ne ya ruɓe. Isuhu ya ce tsohuwa ta hana gida barci, in cire kowa ya huta. Ta zare hannu daga bakinta ta ce, "Ɗan wanzam, in za ka cire shi, ka haɗa da kan." Na ƙwanƙwasa, na duba dasashi, na ga irin wanda Lokotoro Amadu ke cetowa ne. Na gaya mata akwai aikin da ake yi ba tare da an cire ba. Ta tambaya a ina. Amsar gaskiya ita ce Damagaram, kuma da na faɗa da ta je, don har ta fara yi wa Isuhu maganar ragon da za a kai kasuwa. Sai na ji bakina yana cewa ba sai ta wahala ba, a nan ma ana yi. Na riƙe fitila a kan irin wannan aiki ba iyaka. Haƙorin gaba ne, hanya ɗaya. Na ce a raina, kamar yadda kuke cewa yanzu, me ke ciki? Kuma ina son a ji a kasuwar Gangara cewa ɗan wanzami ya ceci haƙorin Makka.

Ranar nan shamuwa sun riga sun sauka a kan bishiyar tsakar asibiti. Iska ta juya, gabas ta yi nauyi. Na gan su da safe, har na ce wa mai gadi ruwa ya kusa.

Na yi mata allura, na huda ta bayan zinariyar yadda ba za a gani ba in ta yi dariya. Na sami hanya, na jawo jijiyar, na wanke, na sa auduga, na rufe da farin siminti. Hannuna bai yi kuskure ko ɗaya ba, kuma wannan ne ke ƙara ba ni haushi. Ta kurkure baki, ta nemi ruwan sanyi ta sha, ta tsaya tana jiran ciwo bai zo ba. Ta yi ta sa mini albarka, ta haɗa da mahaifina. Na ce ta dawo kasuwa mai zuwa a ƙarasa. Ta ce in Allah ya yarda. Tambayar da na yi wa ɗaruruwan mutane da bakin wani, ranar da ta zama tawa ban yi ta ba.

A makon nan ruwa ya sauka. Ku ƴan birni ba ku san abin da ruwan shuka yake nufi ga mutanen da suka ci bara da yunwa ba. Ba mai ɗaga ƙafa daga gona, ko biki aka yi sai dai a yi shi babu mutane. Shanun da za su ja amalanke suna wurin aiki. Hajiya na da gonarta, ga abincin masu noma a kanta. Daga shuka sai noman fari, daga shi sai maimai, kwari ya cika ya yanke hanya. Haƙori kuwa shiru. Wace mace mai hankali za ta bar gona a irin wannan lokaci don haƙorin da ba ya ciwo? Ba ta yi laifin komai ba. Ni ne na san abin da ke cikin bakinta, kuma ina da babur. Gangara ba bayan duniya ba ce. Sau ɗaya na ba wani direba saƙo, ban ma bincika ko ya isar ba. Abin da ya hana ni zuwa, in na je ƙauye ina neman ta, kowa zai san aikin da ake yabona a kai rabi ne.

Sai da kaka aka dawo da ita. Leɓenta na sama ya kumbura har ya toshe hanci, ido ɗaya ya kusa rufewa, jiki zafi rau. Lokacin an turo mana Lokotoro Hadiza, wadda kuke aiki a ƙarƙashinta yanzu. Isuhu ya ce simintin ya faɗi tun ana maimai, tsohuwa ta riƙa cusa auduga da kanumfari a ramin, har ranar da ta ciji goro ta ji ƙas. Lokotoro ta fitar da mugunya, ta ba ta magani na kwanaki har kumburi ya sauka, sa'an nan ta duba sosai. Saiwar ta tsage daga sama har ƙasa. Babu abin cetowa.

Ta tambayi wanda ya buɗe haƙorin. Na ce ni ne. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Hudar ta yi kyau, Malam Lawali. Wa ya ce ka fara abin da ba ka san ranar gama shi ba?" Ta karɓi makullin ɗaki, ta ce in an gama zan koma tsintsiya sai ta neme ni. Amma kafin nan ni zan riƙe kan Hajiya. Na riƙe. Haƙorin ya fito gida biyu.

Na wanke ɓawon zinariyar na miƙa mata. Isuhu, don ya kwantar mata da rai, ya ce in an sayar da wake zai kai ta Kano a dasa mata na roba, a mayar da zinariyar a kai, ba wanda zai gane. Ta ƙulle ta a bakin zane, da auduga a baki ta ce, "Ni zan gane. Wancan shi ya yi ɗawafi." Ba ta zage ni ba. Da za su hau amalanke ma cewa ta yi in gaida gida.

Na yi wata da watanni ina shara kafin a mayar da ni ɗaki, kuma tun daga ranar ban sake ɗaukar inji ba, ba kuma zan ɗauka ba. Aikina fitila, da lim, da tambaya. In bazara ta tsufa ina tambayar manomi ko ya yi bunne, wato shukar jiran ruwa, wa zai tsaya masa a gona. Ina tambayar makiyayi inda za su nufa in ciyawa ta tsiro. Ina tambayar ɗan ci-rani ranar motarsa. Wanda aka buɗe wa haƙori bai dawo ba, ina hawa babur in bi shi har rumfarsa a kasuwa, in yi masa faɗa a gaban abokansa. An kai ƙarata a kan haka, an ce bakina ya yi kaushi, kuma gaskiya ne, ina fama da shi. Makiyayin da kuka yi wa dariya, cewa ya yi jibi za su ɗaga arewa. Lokotoro ta ajiye inji. Sai da ya je ya damƙa wa ƙanensa dabbobi, ya sami masauki a gari, sa'an nan aka taɓa shi. Yau da safe aka cusa masa danƙo, kuna tsaye, kuna ganin kamar haka nan abin ya zo da sauƙi.

Hajiya Gambo na nan da ranta, tana zama da tulun manta a kasuwar Gangara. In abin dariya ya kama ta, sai ta ja mayafi ta rufe baki. Watannin baya na je bin wani mai rabin aiki, na tsaya gaishe ta. Muna cikin gaisawa wata amarya baƙuwa a garin ta zo da kwalba, ta ce, "Inna, a zuba mini na miya."

Na juya na ce mata, da muryar nan tawa da kuka sani, "Ke, Hajiya ce."

Hajiya ta ci gaba da zuba mai, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ƙyale ta, ɗan wanzam. A da ai ba sai an faɗa ba."